Mazaɓar da Babu Mai Zaman Banza

A duk mazaɓun tarayya da ke cikin birnin Kano, tamu ce kaɗai ba ta da mai zaman banza ko ɗaya a Dubai. Alhaji Mijinyawa, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan mazaɓa, shi ya gano haka, kuma yakan tuna mana duk Juma'a bayan an ci shinkafa a unguwar Deira. A cewarsa, yawanmu a gida ya fi na wasu ƙasashe masu tuta da jakadu. Rabinmu matasa ne, sauran rabin kuma su suka haife su. Muna da masu atamfa, da marina, da 'yan gwanjo, da likitocin da ba sa zama a gari. A nan kuwa, daga Murshid Bazaar har Al Nahda, duk ɗan mazaɓarmu da ka gani a tsaye, motar zuwa aiki yake jira.

Muna son wannan magana, don kusan gaskiya ce.

Sai labari ya zo cewa Onarabul mai wakiltarmu zai zo a duba masa gwiwa, kuma zai ci abinci da mu. A daidai lokacin kamfanin da wani yaronmu, Kamal, ke yi wa gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya rufe. Aka soke bizarsa, wa'adin da aka ba shi ya bar ƙasar ya kusa cika. Kamal bai ɓoye niyyarsa ba: zai miƙe a gaban Onarabul ya roƙi tikitin komawa gida.

Mijinyawa ya riga ya haddace jawabinsa, kuma babu wurin Kamal a ciki. Ya wuce shagon kago na Hajiya Safiya, mai aika kaya gida, ya same ta tana sa ana ɗaure dilolin wasu 'yan kasuwar Kwari. Kowa ya san gurbin biza ɗaya ya rage wa shagon, kowa kuma ya san na ƙanwarta Ramlat ne, wadda ta gama digiri take zaune a gida tana jira. Har katifa Safiya ta saya mata.

"Hajiya, a taimaka wa Kamal da gurbin nan, ba don ni ba. Don sunan mazaɓa."

"Alhaji, Ramlat ma 'yar mazaɓar ce."

"Ai ita a Kano take. Na gida ba sa cikin ƙidayar Dubai."

Safiya ta dube shi, ta ce ƙasa ta yi asarar minista. Ta ci gaba da aikinta har ya gaji da tsayuwa. Amma a Kano lungunsu ɗaya da mahaifiyar Kamal, ta san tukunyar gidan da albashin wa ake ɗora ta. Ta tambaya ko yaron zai iya ɗaukar dila. Mijinyawa ya rantse zai ɗauki kwantena.

"Khalas, shi ke nan," in ji ta. "Ya kawo fasfo gobe."

Walima ta yi kyau. Onarabul ya ɗora ƙafa a kan kujera ya saurari jawabin Mijinyawa, ya ce wallahi sai ya maimaita wannan a zauren majalisa, 'yan sauran mazaɓu su ji. Aka gabatar da Kamal a matsayin manajan sashen jiragen ruwa na shagon da tebur ɗaya ne a cikinsa. Muka yi tafi, kuma da gaske muka yi, don a cikin wannan ɗaki babu wanda ba shi da inda zai je da safe.

Safiya ba ta tsaya shan shayi ba. A cikin bas ɗin Al Nahda ta kira Ramlat, ta ce takardu sun ɗan sami tsaiko, sai dai baɗi in Allah ya yarda. Ramlat ta ce ba komai Yaya, ta tambaya ko taron ya yi armashi. Safiya ta ce sosai, an yabi mazaɓa.

Washegari ta sa aka kai wa Kamal katifar, da ledarta.