Furen Benjamin

Kwas ɗin sati biyu kacal ofis ya tura Benjamin Jamus, amma da ya dawo unguwarsu Sintali a Jalingo sai ka ce can aka haife shi. Tuwo ya yi masa nauyi, gaisuwar maƙwabta ta yi masa tsawo. Tsarabarsa kuwa wata 'yar takarda ce da irin fure a ciki, an buga hoton fure shuɗi a bayanta.

Matarsa Jemima tana da ɗan lambu a bayan gida: yakuwa, kuɓewa, shuwaka gindi uku. Ranar Asabar ya tsaya a kai, hannu a ƙugu.

"Maman Hope, a cire ciyayin nan. Sentoriya zan shuka."

"Me?"

"Furen kan dutse ne. Sau ɗaya ake shuka shi, kowace shekara ya fito da kansa. Ko ƙanƙara ba ta kashe shi."

Jemima ta dube shi sama da ƙasa. "Baban Hope, yaushe rabonka da ganin ƙanƙara a Jalingo in ba a cikin firji ba?"

Ya ɗauki fartanya, mutumin da ko tsintsiya bai taɓa riƙewa a gidan ba, ya sassare miyar gidan kaf. Kwana uku yana shafa man zafi a baya.

Irin ya tsiro, ganye ya fito toka-toka mai gashi. Benjamin ya kafa masa lema, yana ba shi ruwan leda, iyalinsa kuwa suna shan na rijiya. Jemima ta koma sayen yakuwa a kasuwa kamar baƙuwa.

Da zafin Maris ya shigo sai ganyen ya fara ƙonewa ta baki-baki. Benjamin ya ce Jemima ce take zuba ruwan wanki a wurin. Ta ce ruwan wankinta ya fi ƙarfin wannan abu.

A satin ne ƙanenta Manasseh, direban da ke ɗauko fiya daga Gembu, can kan tsaunin Mambila mai sanyi, ya biyo. Ya tsuguna ya taɓa ganyen.

"Oga, wannan kayan sanyi ne. Ka ba ni in kai shi Mambila."

"Kai direba ne," in ji Benjamin. "Tsaya a kan sitiyarinka."

Gindi ɗaya ya daure ya fitar da fure, ɗan mitsitsi, a tsattsage kamar tsohon buroshi. Benjamin ya gayyaci mutanen ofis su zo ranar Lahadi bayan coci. Kafin su iso, ƙarfe biyu na rana, furen ya sunkuyar da kai. Mutum bakwai cikin kayan coci suka kewaye shi suna zufa. Vivian, sakatariyarsa, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Oga, ina furen yake?"

Jemima ta kawo musu zoɓo, ta koma kicin ta yi dariya har da hawaye.

Ƙarshen Afrilu ba abin da ya rage sai saiwa ɗaya. Jemima ta tone ta, ta naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ta ba Manasseh ba tare da ta tambayi kowa ba. Matar Manasseh ta dasa a gefen bandaki a Gembu, ta manta da ita. Bayan shekara Manasseh ya turo wa Jemima hoto a waya: furanni shuɗi shar, sun bazu har jikin katanga.

Benjamin ya tura hoton zuwa wayarsa. Yanzu duk wanda ya shiga ofishinsa sai ya nuna masa.

"Gonata ta gwaji ce a Mambila," yake cewa. "Na sa yarana suna kula da ita."

Da labarin ya kai kunnen Jemima tana tsinke shuwakar da ta sayo. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Su tambaye shi hanyar Gembu," ta ce. "Ko garin Bali da ke kan hanya bai taɓa wucewa ba."