Suna Na Shida

Duk wata uku ake sauya jadawalin shirye-shirye a gidan rediyonmu, kuma duk sauyi sai an taɓa wani. Shekara goma sha shida ina gabatar da filin gaishe-gaishe na ƙungiyar masu saurare ba a taɓa ni ba, har na fara ɗauka tsorona ake ji. Ashe layi ne bai zo kaina ba.

A farkon daminar bara Mista Benjamin, shugaban sashen shirye-shirye, ya kira ni ofishinsa. Mutum ne da in zai yi maka mugunta sai ya fara tambayar lafiyar yaranka ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai kan autata na san babu alheri.

"Hajiya Aisatu, firogiram naki ya yi tsawo," in ji shi. "Manaja ya ce minti ashirin da biyar ya isa. Kuma za ki koma Juma'a ƙarfe goma na safe."

An ba wa wani mai maganin gargajiya lokacina na yamma, mutumin da kwalbarsa ɗaya ke warkar da basir da ciwon baya da rashin kasuwa. Na yi faɗa, na buga tebur, na ce da goma na safe masu saurarena suna gona. Ya bar ni na gama, sannan ya ƙara da cewa daga yau kada a karanta fiye da suna biyar a kowane kati.

Ga wanda bai san yadda muke yi ba: kowane ɗan ƙungiya yana da lamba, kuma duk mako yana rubuta sunayen waɗanda yake gaisarwa a kati. Na cikin Jalingo su jefa a akwatin da ke bakin get, na ƙauye su ba direbobi. Ni kuma in karanta, in yi wa wannan tsiya, in yi wa wancan kirari, a ƙarshen wata in ba da labarin ƙungiya: wa ya shiga, wa ya haihu, wa ya rasu. Dokar suna biyar mun sanar da ita, ba na musu. Amma a sabon lokacin muka sanar, wato waɗanda ke gona ba su ji ba. Wayon 'yan ofis ke nan, kuma da ni a ciki.

Da haushi na shiga aikin. Na sayi jan biro, duk katin da ya wuce biyar in ja layi daga ƙasa, ko kallon sunan ba na yi. A raina Mista Benjamin nake sokewa.

Cikin katunan akwai na lamba goma sha huɗu, Baba Usaini daga Sunkani, manomin doya. Tun kafin in karɓi filin yake ƙungiyar, kuma bai taɓa fashin mako ba. Rubutunsa manya-manya ne, yana danna biro har ya fito ta baya. Sunaye shida ne kullum, ba sa sauyawa: limamin unguwarsu, abokansa biyu, matarsa, babban ɗansa, sannan a can ƙasa, "da Rebeka a Kachalla Sembe." Na karanta wannan layi sau ɗaruruwa, ban taɓa tambayar kaina ko wace ce Rebeka ba. Mako bakwai a jere na ja mata jan layi.

Wata Alhamis da rana ina tsince katunan gobe sai aka ce ina da baƙuwa. Mace ce da ba ta wuce talatin ba, da rigar malaman makaranta, ruwa ya jiƙa mata kafaɗa. Ta ce sunanta Lydia. Ta ƙi zama.

"Anti, don Allah tambaya ɗaya ne. Wannan Usaini na Sunkani, yana da rai?"

Na ce yana nan, katinsa na zuwa.

"To shi ke nan," ta ce, ta juya za ta fita. Sai kuma ta tsaya a ƙofa, ta fashe da kuka irin na wanda ya daɗe yana riƙewa.

Na jawo ta na zaunar, na rufe ƙofa. A hankali labarin ya fito. Rebeka mahaifiyarta ce, kuma ƙanwar Baba Usaini ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidansu irin gidajen nan ne na wajenmu, wani na zuwa masallaci, wani na zuwa coci, a ci tuwo a kwano ɗaya. Addini bai taɓa raba su ba. Abin da ya raba su shi ne mutuwar ubansu, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Rebeka tana Jalingo aka aiko mata, ta taso a gigice, kafin ta isa Usaini ya sa an binne tsohon. Ba ta ga fuskarsa ba. A gaban jama'a ta rantse ba za ta sake taka gidan wanta ba, shi ma zuciya ta ɗebe shi ya rantse bakinsa ba zai sake yi mata magana ba. Su biyun kuwa taurin kai gado suka yi, ba wanda ya iya tanƙwara su.

"Bayan shekara ɗaya Momi ya ji sunanta a rediyo," in ji Lydia. "Ta ce ai ba bakinsa ba ne, bakin rediyo ne. Daga nan duk wata sai ta ƙulle daddawa, wanda ta yi da hannunta, ta ba direban Sunkani ya ajiye masa. Ba wasiƙa, ba saƙo. Ita ma ƙafanta bai shiga gidan ba. Haka suke yi tun ina yarinya."

Tun watan azumin Kirista Rebeka take kwance da ciwon ƙoda. Da aka mayar da filin safe har murna ta yi, ta ce yanzu ba sai ta jira yamma ba. Makon farko ta ji an karanta limami da abokai da mata da ɗa, aka wuce kati na gaba. Ta ce kuskure ne. Mako na biyu ma haka aka wuce ta. A na uku ta ce a mayar da daddawar da aka ƙulle cikin tukunya, kuma kada wanda ya kuskura ya je Sunkani. Tun daga lokacin abinci sai an yi da gaske take karɓa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ba ma zubar da katuna sai ƙarshen zango, suna cikin kwali a ƙarƙashin teburina. Na zazzage su a ƙasa, na durƙusa ina tona kamar mai neman ɗan kunne, har na haɗa bakwai ɗin. Na miƙa wa Lydia. Ta duba na farko, ta duba na biyu, ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya ja wannan?"

Zan iya cewa doka ce, zan iya kiran sunan Mista Benjamin, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma biron yana kan teburina a gabanta. Na ce ni ce.

Keke Napep muka hau zuwa Kachalla Sembe, unguwarsu a nan cikin Jalingo. Gidan na bayan wani injin niƙa, ɗaki biyu da rumfa, warin daddawa ya kama ko'ina har labule. Rebeka na kwance a katifa, ƙafafunta sun kumbura, ƙaramar rediyo a gefen filo. Ina yin sallama ta buɗe ido.

"Wannan muryan na san shi," ta ce. "Ke ne mai gaisuwa."

Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Ba ta iya karatu, amma ta san siffar sunanta. Lydia ta ɗora mata katunan a ƙirji, ta riƙa ɗaga su ɗaya ɗaya kusa da ido, tana bin harufan da yatsa a ƙarƙashin jan layin. Na jira ta zage ni. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

"To ba shi ba ne," abin da ta ce ke nan. Ta sake cewa, "Ba shi ba ne." Sai ta yi 'yar dariya, hawaye na gangara mata cikin kunne. "Wannan mutum, rubutunsa har yanzu kaman na kaza."

Ta sa Lydia ta dama mata kunu, ta sha rabin kofi a gabana. Da zan tafi ta riƙe mini hannu ta ce gobe za ta kunna tun ƙarfe tara, kada batir ya ba ta kunya. Na fito ina gode wa Allah, ina jin an sauke mini dutse.

Na koma ofis wajen la'asar don in ƙarasa tsince katuna. Direban Sunkani ya kawo nasu, an ɗaure da roba. Na zaro na lamba goma sha huɗu, na ajiye jan biro can nesa. Limami, abokai biyu, mata, ɗa. Na juya bayan katin, na sake juyowa. Suna biyar ne. Wata biyu daddawa ba ta zo ba, shi ma ya yi nasa lissafin, ya cire ta da hannunsa.

Na daɗe zaune. Sunkani ba nisa, amma ruwa ya sake saukowa kamar da bakin ƙwarya, kuma ba ni da lambar kowa nasa. Na ce in Allah ya kai mu Asabar zan je da kaina.

A shekara goma sha shida ban taɓa ƙara wa katin wani ko harafi ba. Har alfahari nake da wannan, ina ce wa sababbin ma'aikata kati amana ne. Ranar Juma'ar nan da jar fitilar ɗakin watsa shiri ta kama, na zo kan katin Baba Usaini, na karanta biyar ɗin a natse, sannan na ce, "da Rebeka a Kachalla Sembe, yana gaishe ki da jiki." Muryata ba ta ko girgiza ba. Mista Benjamin ya leƙo ta gilashi yana nuna mini yatsu biyar, na kawar da kai.

Asabar da safe ina ɗaura ɗankwali Lydia ta kira. Ta ce Momi ta ji, har ta sa a ƙara murya maƙwabta su ji. Ta ce ta wuni da fara'a, tana ba su labarin yadda wanta ke goya ta zuwa rafi. Da magariba numfashi ya sarƙe, kafin a samo mota ta cika. Jana'iza sai Talata. Ta ce ita ba ta san kawun nata ba, ba ta san da wane baki za ta fara ba, ko zan taimaka in kai masa labarin.

Na same shi a gona, a bayan gari, yana gyara sandunan doya. Gajere ne, fari fat a kai, da wata tsohuwar hula da ta sha zufa. Shi ma muryata ya gane. Ya yi murna har ya rasa inda zai zaunar da ni, ya shimfiɗa mini buhu a gindin ɗorawa. Ya ce tun da aka mayar da filin safe bai ƙara ji ba, sai dai mutane su ce masa sun ji gaisuwarsa.

Na fara da laifina, don na fi iya faɗarsa. Na ba shi labarin doka da jan biro da mako bakwai, da dalilin da daddawa ta daina zuwa. Yana ji yana gyaɗa kai, fuskarsa na saki a hankali. Har ya fara cewa, "To gobe sai in..." Sai ya ga fuskata. Na faɗa masa.

Bai yi kuka ba. Ya yi salati, ya zauna a kan kunyar doya, ya cire hular ya riƙe. Can ya ce, "Kafin ya rasu, ya ji sunansa?"

"Ta ji, Baba. Jiya na karanta. Ta yi murna ƙwarai, da murnar ta tafi."

"Jiya," ya ce. Na ga yana lissafi. "Katin jiya ban sa shi ba."

"Ni na sa."

Na ɗauka wannan zai sanyaya masa rai. Da wannan tunanin na taho tun daga Jalingo, ina ta maimaita shi a mota. Ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne.

"Hajiya, naki bakwai ba komai, ba ki sani ba ne. Allah ya yafe mana." Ya mayar da ido kan hular. "Shekara ashirin da ɗaya ina rubuta yarinyan nan. Sau ɗaya na bari. Shi ne wanda ya ji na ƙarshe, kuma ba ni na gaishe shi ba."

Na buɗe baki in ce ai ita ba ta sani ba. Ya riga ni.

"Ni na sani," ya ce.