Akuyar Liborio a Zanen Godiya

Shekara talatin da ɗaya ke nan Doña Nicolasa Arredondo tana zana wa mutanen garin San Cayetano godiyarsu a kan fallen kwano, kuma ba ta taɓa tsayar da mutum a inda bai tsaya ba. Wanda mota ta kife da shi ya fita da ransa, da wadda ta haihu bayan likita ya girgiza kai, da wanda sa ya soka bai mutu ba, duk wurinta suke zuwa. Sai ta zana waliyyin da suka kira a sama cikin gajimare, abin da ya faru a tsakiya, bayani a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, su kai coci su kafa a bango, alkawari ya cika.

Inda ta bambanta da sauran masu sana'ar shi ne ba ta gamsuwa da bakin mai labari shi kaɗai. Takan ɗauki littafi da fensir ta je inda abin ya faru, ta tambayi waɗanda suka gani. Da haka bangon cocin ya zama wurin raba gardama. In an yi musu kan wanda ke tuƙi ranar da motar masara ta faɗa kwari, sai a ce a je a duba kwanon Doña Nico. Ita ma ta san matsayinta, kuma ba ta wahalar da kanta da tawali'u.

Ranar Talata da hantsi Don Gumersindo Patlán ya shigo shagonta, hannunsa na hagu rataye a wuya. Babban manomi ne, 'ya'ya tara, jikoki kuwa shi ma sai ya yi tunani. Kusan rabin kwanukan da ke bangon cocin na zuri'arsa ne, domin gidan Patlán an hore musu faɗowa daga kan abubuwa da kuma tashi.

"Doña Nico, kin ji abin da ya same ni."

"Na ji iri uku, Don Gume. Zauna ka ba ni na huɗu."

Ya zauna a kan benci ya ba ta. Ranar Alhamis da tsakar rana yana zaga iyakar gonarsa, ya taka katakon da aka rufe tsohuwar rijiya da shi, katakon ya ruɓe, ya zurma. Taɓo har ƙugu, hannu a karye. Ya kira San Isidro, waliyyin manoma, ya yi masa alkawarin zanen godiya ranar idinsa in ya fitar da shi. Sai igiya ta sauko.

"Daga ina?" in ji ta, ba ta ɗago daga littafin ba.

"Daga sama mana."

"Kowace igiya baki biyu gare ta. Wa ke riƙe da ɗayan?"

Don Gume ya tsura wa gwangwanayen fenti ido kamar saya zai yi. "Ki zana ni, ki zana rijiyar, ki zana waliyyi. Ɗaya bakin igiyar ki kai shi cikin gajimare."

"Gari ya ce Liborio Tovar ne."

"Gari ba shi ya faɗa rijiya ba."

Shekara ashirin da biyu ke nan Don Gume da maƙwabcinsa Liborio ba sa ga maciji, saboda wata 'yar siririyar ƙasa tsakanin gonakinsu da ba ta isa jaki ya yi birgima ba. Lauyoyi biyu sun gina gidaje a kanta, ita kuwa ba a taɓa shuka mata ko wake ba.

"Ba zan kafa wa kaina a coci cewa wannan mutumin ya ceci raina ba," in ji Don Gume. "Jikokina za su gani, jikokinsa za su gani. A birni akwai shago, ka faɗa musu abin da kake so, na'ura ta buga maka a kwano kafin ka gama shan lemo. Ba su tambaya. In na tafi can kuwa, kin san ba ni kaɗai zan tafi ba."

Ta sani. Na'urar ta riga ta ɗauke mata ƙauyuka biyu. In ta haɗa da gidan Patlán, sai dai ta koma rubuta sunayen mahauta a allon kasuwa. In kuma ta kai igiyar cikin gajimare, to daga ranar kwanonta ya zama ɗaya da na na'ura, sai dai nata ya fi jinkiri.

"Ka dawo Litinin," ta ce. "In bai yi maka ba, motar birni ƙarfe goma take tashi."

Washegari ta sa malafarta ta tafi rijiyar. Ta zana karyayyen katakon, ta duba inda igiya ta goge bakin dutse, ta bi sawun alfadari da ya miƙe taku ashirin daga rijiyar. Daga nan ta ratsa ta gidan Liborio. Ta same shi a inuwa yana gyaran ragamar alfadarinsa, mutum dogo, ramamme, fuska kamar wanda ya tauna ɗanyen lemun tsami. Tare suka yi firamare, don haka ba ta ɓata lokaci da gaisuwa mai tsawo ba.

"Juyo da fuskarka, Liborio, zana ka zan yi."

"A ina?"

"A kwanon Don Gume. Kai ka ciro shi."

Liborio ya ajiye ragamar. "Nico, don darajar iyayenki kada ki sa ni a ciki. Tun Juma'a ban shiga kanti ba. Ana ganina sai a ce ga mai jinƙai ya iso. Surukina cewa ya yi in je in shiga gidan limaman coci in huta. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da mutuncina, rana ɗaya ya zube."

Ta zo da shirin rarrashin mutum ɗaya, sai ga su biyu, kuma a karo na farko cikin shekara ashirin da biyu bakinsu ya zo ɗaya.

"To me ya kai ka ciro shi?"

"Akuyata nake nema. Paloma. Tun safe ta tsinke. Na ji nishi a rijiya, na leƙa, duhu. Na yi ta kira, Paloma, Paloma. Na yi zarge na zura, na ji an kama, na ɗaura wa alfadari na kora shi. Ina waigowa sai na ga sanƙo yana fitowa."

"Shi bai yi magana ba?"

"Ya ji muryata ai. Ko uffan bai ce ba. Da kansa ya sa zargen a hammata, ya yi shiru kamar kaya."

"Da ka san shi ne, barinsa za ka yi?"

Liborio ya yi dogon nazari, don mutum ne mai gaskiya. "Da na ciro shi. Amma da a hankali zan kora alfadarin."

"Ita akuyar fa, ina take a lokacin?"

"Ta dawo da kanta," in ji shi, ya koma kan ragamarsa da sauri.

Doña Nico ta yi shekaru tana sauraron mutane, ta san amsar da aka gajarta. A hanyar komawa ta tsaya wurin tsohuwa Crescencia mai itace, wadda ba abin da ke wucewa a wannan gefen gari ba ta gani ba, ta yi mata tambaya ɗaya, ta rubuta amsar.

Kwana huɗu ta yi a kan aikin. Ta yanka kwanon, ta goge shi da yashi, ta shafa masa farar ƙasa ta bar shi ya sha iska. Ta yi sararin sama da shuɗin da take haɗawa da kanta, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa sirrinsa ba, ko da yake ba wanda ya taɓa tambaya. A zanen ta tsaga rijiyar ta gefe yadda za a ga mutum a ciki. Ta yi wa Don Gume adalci a tumbi, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Alfadarin ya fi kowa ba ta wahala, sau uku tana goge ƙafarsa ta baya. Rubutun ƙasa ta yi shi da buroshi mai gashi bakwai, tana riƙe numfashi a kowane baƙi.

Ranar Litinin Don Gume ya iso sanye da rigar zuwa birni, don ta gane. Bai gama zama ba sai ga Liborio, ya zo ya tabbatar ba a sa shi ba. Shagon bai fi taku huɗu ba, amma kowannensu ya samo wa idonsa bangon da zai kalla.

"Doña Nico," in ji Don Gume, "ban san kina tara 'yan kallo ba."

"Nico, ki gaya wa mai maganar nan cewa fuskata tawa ce," in ji Liborio.

Ta yaye zanen da ta rufe kwanon da shi. Ga San Isidro a sama da shanunsa na huɗa. Ga rijiya, ga Don Gume a ciki da igiya a hammata. Ga igiyar ta fito ta miƙe har jikin alfadari, ga Liborio ya ba rijiyar baya yana kora. Duk wanda ya taɓa ganinsa sau ɗaya zai gane shi.

Don Gume ya miƙe. "Ƙarfe nawa kika ce motar take tashi?"

"Goma. Da saura. Karanta ƙasan tukuna."

Bai zo da tabarau ba, sai ita ta karanta. "Gumersindo Patlán yana gode wa San Isidro, wanda ya ɓatar da akuyar Liborio Tovar ranar Alhamis, har Liborio ya zura igiya a rijiya yana zaton ita ce, ya ciro shi da alfadari ba da niyya ba."

Liborio ne ya fara matsowa, ya sa yatsa kusa da rubutun.

"Ba da niyya ba," ya maimaita, yana ɗanɗana kalmomin. "Wannan za a iya ja masa layi?"

"Ba na jan layi. Duk baƙaƙena girmansu ɗaya."

"To a bar shi haka. Ya yi."

Ta juya ga Don Gume. "Kai kuma saurara. Aiko wa mutum aboki ya cece shi, wannan kowane ƙaramin waliyyi zai iya. Amma a sa Liborio Tovar ya ciro ka, sai wanda ya isa. In na kai igiyar gajimare na rage wa San Isidro aikinsa, kuma yana wurin, ya san yadda ya yi. Ban da haka, duba da kyau, babu inda aka ce ka gode wa Liborio. Mutumin da bai yi niyya ba ba a gode masa."

"Ni ma ba na so," in ji Liborio, yana kallon rufi.

Don Gume ya sosa haɓa. Maganar ta shige shi, amma akwai sauran ƙaya. "Za a ce an ɗauke ni akuya."

"Tun Juma'a ake faɗa. Bambancin kawai, yanzu waliyyi ne ya shirya abin."

"Nico, ki gaya masa har kuka ya yi mini irin nata," in ji Liborio.

"Ƙarya yake, Doña Nico. Nishi na yi."

"Kwano ba ya ɗaukar murya," in ji ta. "Wannan ku ƙarasa a waje."

Don Gume ya sunkuya yana bin zanen da ido, yana neman aibin da zai kafa hujja da shi ya kama mota. Ya duba tumbinsa, bai sami abin cewa ba. Ya duba shanun waliyyi. Sai idonsa ya tsaya a kusurwar dama, can nesa, inda wani farin abu mai ƙaho ke tsaye a tsakiyar layuka kore.

"Wannan fa?"

"Paloma ce. Tunda an ambace ta, dole a nuna inda take."

"Waɗannan layukan na mene ne?"

"Dashen barkono."

"Liborio ba ya noman barkono."

"Ba ya yi," in ji Doña Nico. "Crescencia mai itace ta gan ta, tun hantsi har azahar."

Liborio ya fara laluben ƙofa da ido. Don Gume kuwa fuskarsa ta washe a hankali, irin yadda ba ta washe ba ko ranar da ya fito daga rijiyar. Kunya uku na barkono ya tarar an aske masa ranar Asabar, ya ɗora wa zomaye laifin.

"Doña Nico," ya ce cikin ladabi, "wannan kwanon a coci za a kafa shi, ko? Inda kowa zai gani? Har alƙali?"

"Inda ka ga dama. Naka ne."

"Nico, akuyar nan ki ɗan matsar da ita gefen hanya mana," in ji Liborio. "Taku biyu kawai."

"Inda ta tsaya ke nan."

Don Gume ya ɗauki kwanon da hannunsa mai lafiya, ya rungume shi a ƙirji. Ta ce masa ya riƙe ta gefe, fentin akuyar bai gama bushewa ba, ya gyara riƙo nan da nan. A bakin ƙofa ya waigo ya ce jikarsa Eulalia ta faɗo daga kan babur a makon jiya, za ta zo ranar Laraba. Ya fita ya nufi coci, Liborio na biye da shi taku biyar a baya, yana bayyana wa iska cewa ƙasar da barkonon ke kai ma ai ba a gama shari'arta ba.

Doña Nico ta wanke buroshinta a kananzir, ta jawo sabon falle ta fara goge shi da yashi.