Aron Kafaɗa

Shekara goma sha tara Mai Hoto yana zaune da iyalin nan, amma ko ka zazzage gidan kaf ba za ka samu hoto guda da fuskarsa a ciki ba. Ba wanda ya hana shi. Dole ne wani ya riƙe kyamara, shi kuwa bai taɓa yarda da hannun kowa ba, wai sai a yanke wa mutane ƙafa a hoton. Abin yana ci masa rai, sai dai bai taɓa faɗa ba, don mutum ne mai nauyin baki a kan abin da ya shafi kansa.

Ya auri uwar yaran shekara biyu bayan rasuwar mijinta. Ta zo masa da uku: babbar mai shekara tara, wadda ya laƙaba wa Manaja saboda tun ranar farko ta hau kujerar shagonsa tana ba masu ɗaukar hoto umarni, sai Dogo, sai Auta, wadda ana da cikinta ubansu ya rasu. Dukansu Baba suke ce masa. Hoton marigayin guda ɗaya ne tak mai kyau, shi ma yoyon rufi ya taɓa cinye masa rabin fuska. Mai Hoto ne ya zauna kwana huɗu ya gyara shi, ya sa masa gilashi, ya rataye shi a falo sama da talabijin. Har yau shi yake share masa ƙura.

Da Manaja ta kama gidan kanta kusa da wurin aikinta, sai ta zo ta ce bangon falonta fayau yake, tana son babban hoton iyali.

"To, a kawo kujeru tsakar gida," in ji Mai Hoto, har ya miƙe zai ɗauko kyamara.

"A'a, Baba. Wannan karon kana ciki. Na riga na yi magana da wani shago."

Ya koma ya zauna. Ya ce shagunan yanzu duk kwamfuta ce ke musu aiki, ba su san haske ba. Amma ranar sau biyu ya tsaya gaban madubin banɗaki yana duba wane gefen fuskarsa ya fi.

Mako uku aka kwashe ana rigimar kaya. Manaja ta baza ƙyallaye a kan kafet tana jera su kamar mai talla. Dogo ya ce shi baƙi ko ya fasa. Auta ta ce in aka sa ta ruwan toka za ta fito kamar mara lafiya. Manaja ta saurari kowa da haƙuri, sannan ta yi abin da ta yi niyya tun farko: mata ruwan madara da mayafi shuɗi, Dogo farar riga, Baba kuwa kwat shuɗi mai duhu.

"Ni da kwat?" ya ce. Duk rayuwarsa riga mai aljihu shida yake sawa, saboda batura.

"Kai ne babba. Tsakiya za ka tsaya."

Da kanta ta kai shi wurin tela. Ta nuna faɗin kwalar da take so da yatsu, tela ya leƙo ta saman tabarau ya ce irin wannan an daina yayinta tun yana koyon aiki. Ta ce haka take so. Ta kuma ce a cika kafaɗar da auduga, a ɗaga ta sosai. Mai Hoto yana tsaye da hannuwa a buɗe, tef a wuyansa, sai murmushi yake yi. Yarinyar da ya koya wa riƙe almakashi ce yau take faɗa da tela a kansa.

Ranar da kwat ɗin ya iso ya sa, ya fito falo yana taku ɗai-ɗai. Auta ta tafa, Dogo ya sara masa. Uwar yara tana guga a lungu, ta ɗago sau ɗaya ta mayar da kai kan mayafin da ta riga ta goge.

"Ba ki ce komai ba," ya ce.

"Ya yi maka," ta ce, ba ta sake ɗagowa ba. Ya ɗauka kunya ce irin tata.

Shagon da Manaja ta zaɓa yana hawa na biyu, sama da wani kantin magani. Ɗaki ne mai sanyi, da farin labule ya sauko har ƙasa da fitilu uku masu laima. Mai shagon mace ce mai saurin magana, waya a hannun hagu. Mai Hoto ya zagaya yana duba kayan aiki da hannuwa a baya, ya ƙudurta ba zai tsoma baki ba, yau shi baƙo ne.

Aka zaunar da uwar yara a kujera, Auta da Manaja a gefe da gefe, Dogo a baya ta dama. Shi aka tsayar da shi a bayan matarsa daidai. Ya ɗora hannun hagu a kafaɗarta, hannun da injin yanka takarda ya gutsure wa kan ɗan yatsa tun yana saurayi. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Baba, a cire tabarau," in ji mai shagon.

Ya cire. Gilashi yana mayar da haske, ya san wannan.

"Hular ma."

Ya cire, ya miƙa wa Dogo.

Ta dubi wayarta, ta dube shi. "A juya kafaɗa hagu kaɗan. Ya isa. A ɗaga haɓa." Ta sake duban wayar. Ta zo ta gyara masa kwala, ta buɗe ta har farar rigar ta fito yatsa biyu. Sannan ta je ta kashe fitilar dama, ta bar ta hagu kaɗai.

A nan ne ya fara zargin wani abu. Ba wanda yake haska mutum biyar da fitila ɗaya ta gefe, sai in akwai wani hasken da ake son a kwaikwaya. Kuma mai hoto mutanen da ke gabansa yake kallo, ba waya ba. Kafaɗa a hagu, haɓa a sama, faffaɗar kwala shuɗiya, haske daga gefe ɗaya: ya san wannan tsayuwar fiye da yadda ya san tasa fuskar. Kwana huɗu ya yi a kanta da ɗan burushi. Shi kansa ya sha yi wa mutane irin wannan aikin a shago, a kawo hoton mamaci a ce a haɗa shi da 'ya'yansa. Ɗora kan mamacin ba shi da wahala. Jiki ne matsala, sai an samu wanda zai tsaya.

Mai shagon ta sunkuya za ta ja igiyar fitila a ƙasa, fuskar wayarta ta juyo gare shi. Ko babu tabarau ya gane hoton da ke saman talabijin ɗinsu.

"Guda nawa za a wanke?" ya tambaya.

"Ɗaya ne, babba," ta ce, tana gyara ƙafar fitila.

Da ta ce biyu, ɗaya da fuskarsa, da ya haɗiye. Ya tsaya yana kallon bayan kan Manaja. Mako uku tana zaɓa masa kaya, ashe awon wani take yi a jikinsa. Ko audugar kafaɗar ba tasa ba ce, marigayin ne mai faɗin ƙirji.

"Ki sauke fitilar nan ƙasa kaɗan," ya ce da mai shagon, muryarsa ta aiki. "Hasken hotonsa daga taga ya shigo, ba daga sama ba. In kika bar ta haka, mahaɗin wuyan zai nuna."

Dogo ya ce, "Wuyan wa?" Auta ta juyo tana kallon wannan tana kallon wancan. Su biyun ba su san komai ba, wannan ya gani. Manaja ba ta juyo ba.

"Baba, da zan faɗa maka," ta ce. "Bayan an gama."

"Bayan an gama."

"Ba mu da hoto ko ɗaya da shi, mu ukun. Auta ko ganinsa ba ta yi ba. Kawai tsayinku ne ɗaya."

"Da kin tambaye ni, Manaja, da ni zan yi miki da hannuna. Kuma da ya fi wannan kyau."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa ɗaci a baki. Da ya sa kwat ɗin ya tsaya, ya haɗa hoton, ya kai mata har gida. Abin da ba zai iya yafewa ba shi ne mako ukun nan da aka bar shi yana murna.

Saura mutum ɗaya. Ya dubi matarsa daga sama, yana jiran ta juyo a firgice kamar Auta. Kafaɗarta tana ƙarƙashin tafinsa, ko motsi ba ta yi ba.

"Ke ma?" ya ce a hankali.

"Na ce mata ta faɗa maka," in ji uwar yara, idonta a kan labule. "Ni na ba ta hoton ta ɗauka a waya, kana shago."

Mai shagon ta yi gyaran murya, ta ce ko a ɗan huta. Ya ce a'a, mutane na jira a waje. Ya juya kafaɗa hagu, ya ɗaga haɓa daidai yadda marigayin ya ɗaga, ba sai an duba waya ba. Auta ta fara kuka, ya ce ta share ido kada kwalli ya ɓata mayafi.

"To, kowa ya dubo nan," in ji mai shagon. "Baba, hannun ya zauna a kafaɗar Mama yadda yake ɗazu, ya yi kyau."

Mai Hoto ya dubi hannun, da guntun yatsansa a kan yadi ruwan madara. Shekara goma sha tara nan ne wurinsa. Ya ɗauke shi a hankali, ya zura a aljihun kwat.

"Kafaɗa da ƙirji na ba shi aro," ya ce. "Hannun nawa ne. Ɗauka."