Mutumin da Ya Kayar da Malam Sale

Reno ne ya kai Gumsu taron avoka, wato lauyoyi. Autarta Hannatu, wadda ke aikin tsaya wa mutane a gaban alƙali a Damagaram, ita ta kira ta a waya ta ce ƙungiyarsu za ta yi taronta na shekara, bana kuma a Magarya aka ajiye shi. An ba ta magana za ta yi a gaban manyan aikin, ga ƴarta Ruma'isa ba a yaye ta ba, mijinta Anwar kuma aikin asibiti ba zai sake shi ba. Gumsu ta ce wannan ai ko ba a roƙe ta ba. An gama roron wake, gero ya shiga rumbu, babu abin da zai riƙe ta a Yekuwa. Ta bar wa surukarta amanar awaki, amalanke ya fitar da ita bakin hanya, ta shiga mota.

A gidan wata ƙawar Hannatu ta lekol, wato makarantar boko, suka sauka. Da safe Hannatu ta fito da baƙar rigar aiki mai faɗin hannu, ta zura ta a kan atamfarta, ta ɗaura wani farin ƙyalle a wuya. Gumsu ba ta taɓa ganinta a cikin rigar ba sai a hoto. Ta dube ta sama da ƙasa, ta ce Allah ya yi albarka, amma gaskiya sai ka ce hankaka. Hannatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Inna ta jira ta ga garken duka.

Garken kuwa ta gani. Harabar zauren taron cike take da motoci da baƙaƙen riguna, maza da mata, kowa yana ce wa kowa Metir. Da farko Gumsu ta zaci suna ne, tana mamakin yawan masu shi, sai da Hannatu ta gaya mata cewa haka ake kiran kowane avoka don girmamawa. Ta samu inuwar wata bishiyar bedi kusa da tagar zauren, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna da jikarta tana kallon ikon Allah.

Daga nan ta hango shi. Wani dogon dattijo ne ya fito daga mota a hankali, yana dogara sanda. Kansa ya yi fari, ya ɗan ranƙwafa, amma da ya yi murmushi wushiryar nan ta bayyana, Gumsu ta tsura masa ido. Ko a cikin kasuwar Dungas ranar cikarta za ta gane shi.

Shekarun baya, Hannatu tana ƙaramar ƴar lekol, mijin Gumsu, marigayi Malam Sale, ya ƙara faɗin gonarsa ta gefen da shanun gidan Tamu ke bi zuwa rijiya. Gidan Tamu makiyaya ne masu noma, maƙwabtansu tun kakanni. Suka ce wurin burtali ne, Malam Sale ya ce gadonsa ne. Magana ta wuce maigari, ta wuce fada, ta kai gidan shari'a na Magarya. Gidan Tamu suka ɗauko avoka daga Yamai, wannan dogon mai wushirya. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Tambaya kawai yake jerowa cikin Faransanci, tafinta yana juyawa, har Malam Sale ya jiƙe da gumi, maganarsa ta gaba ta soma karo da ta baya. Alƙali ya ce wurin burtali ne. A ranar nan Malam Sale bai ci tuwo ba, kuma har ya koma ga Allah, in ya ga wani abu ya lalace, ko da igiyar guga ce ta tsinke, sai ya ce aikin mai wushirya ne.

Gumsu tana zaune tana ganin ƴar cikinta ta ruga wurin mutumin nan, ta rusuna, ta karɓi jakarsa, tana ce masa Baba. Bai ishe ta ba, sai ga ta ta jawo shi har gindin bedin, ta ce ga Innarta, ta ce wa Gumsu ga Metir Tijjani. Dattijon ya yi gaisuwa mai kyau, ya tambayi hanya da mutanen gida. Gumsu ta amsa da gefen baki, ta juya tana gyara wa Ruma'isa riga wadda ba abin da ya same ta.

Da rana Hannatu ta fito ba da nono, nan Gumsu ta tare ta. Hannatu ba ta ɓoye komai ba. Ta ce da ta gama jami'a a Yamai, a ofishinsa ta koyi aiki, shi ya nuna mata yadda ake tsayawa da yadda ake yin shiru a gaban alƙali, matarsa kuma ita ta riƙe ta kamar ƴa lokacin da ta kwanta rashin lafiya. Ta san ko shi wane ne tun ranar farko. Ba ta faɗa a gida ba ne don ta san yadda za a ɗauka. Ta yi ƙoƙarin bayyana cewa faɗan avoka a gaban alƙali yake ƙarewa, in an fito tare ake cin abinci, yau ka tsaya wa manomi gobe ka tsaya wa makiyayi.

Gumsu ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Auta, mutumin da ya sa ubanki gumi a gaban jama'a, shi kike ɗaukar wa jaka."

Hannatu ta sunkuyar da kai kan ƴarta. Idonta ya kawo ruwa. Gumsu ta ji babu daɗi, don ta tuna gobe ne yarinyar za ta tsaya gaban manya, bai kamata ta je da nauyin zuciya ba. Amma maganar ta riga ta fita. Sai ta dama fura ta miƙa mata, ta tsaya a kanta har ta shanye.

Washegari bayan azahar aka kira Hannatu. An rataye amsa-kuwwa a jikin tagar saboda waɗanda ba su samu kujera ba, don haka Gumsu za ta ji komai daga tabarmarta. Ruma'isa kuwa haƙori take fitarwa, tun safe take ƙananan koke-koke, a goye ba ta yarda, a cinya ba ta yarda. Gumsu tana cikin jijjiga ta sai ga Metir Tijjani ya fito yana ɗingishi. Ya ce a gafarce shi, ƙafafunsa ba sa jure dogon zama a kujerun ciki. Ya zauna a kan benci a ɗaya gefen bishiyar, ya miƙe ƙafa. Gumsu ta yi tunanin tashi, sai ta ga ko'ina rana ce, ita ce kuma ta riga shi zuwa. Ta zauna abinta.

Muryar Hannatu ta fito daga amsa-kuwwar. Da farko da ɗan rawa a cikinta, irin wadda uwa kaɗai ke ji, daga baya ta daidaita. Gumsu ta kasa kunne kamar mai ji, alhali ko kalma ɗaya ba ta kamawa. Dattijon ya lura. Ya tambaya ko tana so ya juya mata da Hausa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sai ya karkato wajen jaririyar, ya soma yi mata bayani ita, da murya ƙasa-ƙasa, kamar Ruma'isa ce ta tambaya.

Ya ce wa Ruma'isa uwarta tana magana ne a kan mutanen da ke zuwa gaban alƙali ba su jin harshen da ake yi musu shari'a da shi. Mutum ya yi doguwar magana mai tushe da reshe, tafinta ya dunƙule ta a kalma biyu uku. Ya ce uwarta tana roƙon ƴan'uwanta avoka su matsa a samu tafintoci ƙwararru a kowane gidan shari'a, su kuma su riƙa zama da mutanensu tun kafin ranar, su yi musu bayanin abin da za su tarar. Yarinyar ta yi shiru tana kallon bakinsa, ta miƙa hannu tana son kama igiyar tabaraunsa. Ya ci gaba, ya ce uwarta tana ba da labarin wani manomi da ta gani tana ƙarama, ta leƙa ta taga a nan garin. Daga nan ya dakata da fassarar.

Gumsu ta ce, ba tare da ta dube shi ba, ya ci gaba mana.

Ya ce ba ta faɗi suna ba, amma Malam Sale take nufi. Tana cewa mutumin ya san abin da yake son faɗa sarai, ya tsara shi tun daga gida, amma ya koma da mafi yawansa a ciki.

Muryar Hannatu tana ta ci gaba a kansu. Gumsu ta goge ido da bakin mayafi. Can ta tambaye shi ko ashe yana tune da maigidanta. Ya ce ƙwarai kuwa, mai jar hula, wanda ya tambayi alƙali ko ya taɓa riƙe hauya a rayuwarsa, tafinta ya ƙi juyawa. Gumsu ta danne dariya da ƙyar, don ta manta da wannan, kuma halin Malam Sale ne tsaf. Sai ta ɗaure fuska ta tambaye shi abin da ta daɗe tana son tambayar wani: ko ya taɓa yin nadamar abin da ya yi musu.

"Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji shi. "Wurin nan burtali ne, shanun Tamu kuma sai sun sha ruwa. In yau aka dawo da shari'ar, zan sake tsaya musu. Amma mijinki ba maƙaryaci ba ne. Taurin kai gare shi, shi ke nan."

Ta so ta ji haushi, haushin bai zo ba. Ita ta zauna da mutumin shekara da shekaru, ta san wanda ta aura. Ta dai ce Allah ya jiƙansa, dattijon ya ce amin, suka shafa.

Ruma'isa ta ci gaba da zillo wajensa har Gumsu ta gaji ta miƙa masa ita. Ya ɗora ta a cinya, ta kama farin ƙyallen wuyansa ta kai baki. Yana jijjiga ta yake ba da labarin ranar da Hannatu ta fara zuwa ofishinsa. Ya ce ko zama ba ta yi ba ta ce masa ita ƴar Malam Sale ce na Yekuwa wanda ya kayar, ta zo ta koyi yadda aka yi. Ya ɗauke ta aiki a ranar. Ya ƙara da cewa ta koya har ta wuce gona da iri, don bayan ta buɗe nata ofishin a Damagaram sun haɗu a shari'ar wani gida, shi yana wannan gefe ita tana wancan, ta yi masa kaye.

Gumsu ta juyo gaba ɗayanta, har tabarma ta naɗe. Ta ce ya ce me?

Ya maimaita. Ta ce ya faro mata daga farko, kada ya tsallake komai. Ya faɗa mata yadda ya zo da shaidarsa yana ganin ya gama, yadda Hannatu ta tashi cikin ladabi ta soma yi wa shaidan tambaya ɗaya bayan ɗaya, murya a kwance, har mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Gumsu ta tambaya ko da jama'a a wurin. Ya ce ɗakin cike yake. Ta tambaya ko ya yi gumi.

"Har cikin takalmi, Hajiya."

Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi irinta ba, tana tafa hannu a cinya. Ta sa shi ya sake faɗar wurin da alƙali ya dube shi ta saman tabarau. Ya sake, har da kwaikwayo, shi ma yana dariya. Suna cikin haka suka ji tafi ya ɓarke a zauren, ashe Hannatu ta gama, ƙarshen maganar ya wuce su.

Da Hannatu ta fito, mutane suna tare ta suna yi mata barka, sai ta hango su ta tsaya cak. Ga malaminta da ƴarta a cinya, farin ƙyallensa ya jiƙe sharkaf da yawu. Ga uwarta tana yi masa faɗa a kan ƙafafunsa, tana cewa kumburin nan ba na wasa ba ne, ya rage gishiri ya daina yawon taro kamar yaro. Hannatu ta ƙaraso a hankali kamar mai tsoron ta tashi tsuntsu. Gumsu ta ce mata magana ta yi kyau, Allah ya ƙara basira. Hannatu ta tambaya yaya aka yi ta ji. Gumsu ta ce an juya mata rabi, ragowar kuma hira ta cinye.

Sauran taron Gumsu ba ta san abin da aka yi a ciki ba, ta dai ji an zaɓi sababbin shugabanni an kuma ci abinci. Metir Tijjani kullum sai ya fito gindin bedin ya huta ƙafa. Ba ta taɓa cewa ta yafe masa ba, shi ma bai nema ba. Hirar gona suke yi da ta jikoki, ya gaya mata nasa suna Yamai ba su jin Hausa sosai, ta ce wannan laifinsa ne.

Ranar komawa Hannatu ta raka ta tasha da Ruma'isa a baya. Ta samar mata wurin zama kusa da taga, ta tsaya tana jiran mota ta cika. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta tambaya ko Inna har yanzu tana fushi da ita. Gumsu ta ce fushin me, ta dai riƙa gaya mata abu tun da wuri. Ta leƙo ta taga ta ja kumatun jikarta, ta ce tsohon nan a riƙa lallaɓa shi, a ɗaukar masa jaka, jikinsa ya soma gajiya.

Direba ya tayar da mota. Gumsu ta ƙara leƙowa, ta rage murya kamar kada fasinja su ji.

"Amma Auta, duk ranar da za ku sake haɗuwa gaban alƙali, ki kira ni tun da sauran lokaci. Ko da damina ce zan zo. A gaba nake so a zaunar da ni."