Kwalayen Mista Trevaskis

"Kwali huɗu ne kacal, Noreen," in ji Mista Trevaskis, yana haki a jikin shingen da ya raba gidajenmu. "Ajiye mini kafin in dawo daga asibiti."

"In sa su a ina? Garejina ko kyanwa ba ta samun wurin juyawa. Kai dai je ka dawo, tsohon gafiya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Gafiya muke ce masa a layinmu, don shekara arba'in ya yi yana rarrafe cikin ramukan da mahaƙa zinariya suka bari a ƙarƙashin garinmu Bendigo, yana aunawa, yana zanawa, yana rubuta sunan duk wanda ƙasa ta rufta masa. Har da kakansa. Gaskiya wuri ina da shi. Warin danshin takardun da ya cika kwalayen da su ne ba na so.

Bai dawo ba. Kwanansa tara a asibiti, ranar Talata aka ce ya cika.

Ɗansa Glen ya zo daga Perth da hutun kwana uku. Sai aka yi daidai da makon zubar da tarkace, lokacin da kowa ke jibge tsofaffin kaya a bakin titi, mai so ya ɗiba kafin motar shara ta iso. Ni kuwa wannan mako bai taɓa wuce ni ba.

"Ɗauki abin da ya yi miki, Misis Pascoe," in ji Glen. "Jirgina ƙarfe huɗu zai tashi."

"Takardun babanka fa?"

"Wa zai karanta? Ni ko rubutunsa ba na ganewa."

Ga kwalayen nan a kan ciyawa, ga wata kujerar lilo mai kyau kusa da su. Maƙwabciyata ta tsallaken titi har ta fara leƙenta. Na ce takarda ba mai sacewa, na rungumi kujera. Ina cikin nema mata wuri a falo, na goge nan, na matsar da can, sai na ji ruwa ya ɓarke a kan kwano kamar da bakin ƙwarya.

Ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na ɗaga kwalin farko, gindinsa ya ɓalle. Kunyar da na ji a ranar har yau ba ta sake ni ba.

Na durƙusa a bakin kwata da shafi ɗaya a hannu. Da tawada ya rubuta komai. Ruwa shuɗi-shuɗi yana bin gefen titi, yana gangarawa ta ƙarfen magudana zuwa ƙarƙashin gari.