Sunan da Ba a Faɗa

Sana'ar Saadatou a Paris ita ce tono wa Faransawa kakanninsu daga tsofaffin takardu. A makon nan wani dattijo mai suna Guillaume ya aike ta Lyon neman kakan kakansa, wanda aka ce ya shiga dakarun sa-kai na gari lokacin juyin juya halin Faransa. Kafin azahar ta same shi a wani kundi na 1792. Mai gasa burodi ne, ga unguwarsu, ga tsayinsa, har da launin idonsa an rubuta. Da ta faɗa wa Guillaume ta waya sai ya fashe da kuka. Ta taya shi murna a baki, amma zuciyarta cike take da haushi, don tana da nata neman da bai kai rabin wannan daɗewa ba.

Kakarta, Hajiya Raliatou, na kwance a ɗakinsu na unguwar Château Rouge, shekara tamanin da huɗu, ciwo ya ci ƙarfinta. Abu ɗaya ya rage mata a duniya, ta san sunan ubanta ta yi masa addu'a da shi. Tana cikin uwarta aka kwashe shi soja daga wani ƙauyen Damagaram, aka ce ya faɗi kusa da Lyon a 1940. Uwarta ta sake aure, ta koma birni, aka yi wa yarinya takardu da sunan mijin uwa. Mijin fari kuwa, macen kirki ba ta kama sunansa, ko yana raye ko ya mutu. Duk sanda Raliatou ta tambaya, sai uwar ta rufe fuska da gefen zane ta ce, "Haba ke kuwa! Da bakina?" Haka ta yi ta "shi wancan" har aka kai ta makwancinta, mutane na ta yabon kunyarta.

Da la'asar Saadatou ta nemi jerin sojojin Afirka na yaƙin duniya na biyu. Aka kawo mata 'yan shafuka marasa kauri. Nan babu tsayi, babu launin ido. Suna ne, da lamba, da yanki, sai kalmar "ya ɓata". Mutum huɗu ta samu daga ƙasar Zinder, wato Damagaram, duk an ɗauke su shekara ɗaya. Ta juya takardun gaba da baya kamar mai neman allura a tabarma, ba ta ga abin da zai bambanta ɗaya da sauran ba.

A jirgin ƙasa na komawa Paris ta yanke shawarar yin ƙarya. Ta zaɓi ɗaya kawai, wa zai ƙaryata ta? Amma da ta shiga ɗaki, tsohuwar ta kafe ta da ido, sai bakin ya ƙi.

"Sannu da hanya, 'yar nan. Kin samo shi?"

"Hajiya, huɗu na samo. Wallahi ban san wane ne ba."

"Karanto mini."

Saadatou ta karanta a hankali: Mai Moussa, Tankari, Gonda, Ɗan Baskore. Hajiya ta bi kowane da leɓɓanta, tana jiran wani ya motsa mata jini. Babu wanda ya motsa.

"Ko mu ɗauki na farko?" in ji Saadatou. "Allah ai ya san wanda kike nufi."

"In na ɗauka na saci uban wata. Bar musu." Numfashinta na fita da ƙyar. "Nasara ya ɗauke shi, to, shi ba uwata ba ne, ba ya jin tausayina. Amma Inna fa? Kalma ɗaya ce. Ta adana mutuncinta, ni ta bar ni ba uba."

Saadatou ba ta taɓa jin ta aibata uwarta ba. Ta fara naɗe takardar, sai tsohuwar ta kama hannunta.

"Kawo biro. Rubuta a ƙasan nan. Mijina, kakanki..." Shekara sittin ba ta furta sunan ba. "Sufyan. Sunansa Sufyan."

Saadatou ta san sunan tun tana ƙarama, yana ma cikin fasfonta. Ta rubuta duk da haka.

"Ashe ba wuya," in ji Hajiya, ta juya fuskarta bango. "Ashe ko kaɗan ba wuya."